Hasken Ruwa Ba Shi Ne Tsabtarsa Ba

Gabatarwa

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan magana tana aiki a kasuwar hatsi, sai dai a bakin randa ba ta cika yin aiki ba. Mutum kan ɗebo ruwa a moɗa, ya duba ya ga garau yake, ba laka, ba wari, ya kai baki ya sha hankali kwance, alhali kuwa a cikin wannan kurɓi akwai abin da zai iya kwantar da shi wata da watanni, ko ma ya yi ajalinsa kafin gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 aƙalla mutum biliyan 1.7 ne ke shan ruwan da bayan gida ya gurɓata, kuma irin wannan ruwa yana jawo mutuwar kimanin mutum 505,000 a kowace shekara ta hanyar gudawa kaɗai.

Abubuwan da ke ɓata ruwan sha sun bambanta ƙwarai wajen girma, kuma girman kowanne shi ke nuna dabarar da za ta yi maganinsa. Akwai wanda ƙyalle ke tarewa, akwai wanda sai wuta, akwai kuma wanda ko an tafasa ruwa yana nan daram. Wannan darasi zai bi su daki-daki, daga babba zuwa ƙarami. Ma'aunin da za a yi amfani da shi shi ne milimita, wato tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu na rular ɗalibi. Idon ɗan Adam ba ya iya ganin abin da ya gaza kashi 1 cikin 10 na wannan tazara.

Kurkunu: abokin gabar da ƙyalle ya ci da yaƙi

A cikin ruwan tafki da na kududdufi akwai wata 'yar halitta mai suna ƙwarƙwatar ruwa, dangin ƙaguwa da jatan lande, wadda tsawonta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Idan aka ɗaga ruwan a kofin gilashi wajen haske, mai kaifin ido zai gan ta kamar farin ɗigo yana zabura. Ita kanta ba ta cutarwa, amma ita ce jirgin da ke ɗauko kurkunu, kamar yadda wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Alexei Fedchenko ya gano wajen shekarar 1870.

Ga yadda abin yake gudana. Ƙwarƙwatar ruwa takan haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu, su yi kimanin mako biyu a cikinta suna ƙosawa. Idan mutum ya sha ruwan, ruwan tsamin da ke cikin tumbinsa zai narkar da ƙwarƙwatar, 'ya'yan tsutsar kuwa su tsira, su huda bangon hanji, su shiga jiki. A can namiji da mace za su haɗu, namijin ya mutu, macen ta ci gaba da girma har ta kusan kai mita 1. Duk wannan lokaci mutum ba ya jin komai. Sai bayan wata 10 zuwa 14 ne za ta gangaro, galibi zuwa ƙafa, ta tayar da bororo mai zafi kamar wuta. Raɗaɗin kan sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a tafki domin ya ji sanyi, nan take tsutsar ta amayar da dubban ɗaruruwan 'ya'ya cikin ruwan da jama'a ke sha.

Kurkunu ba shi da maganin sha, ba shi da allurar rigakafi. Naɗe shi ake yi a jikin tsinke, a riƙa ja kaɗan-kaɗan, aikin da kan ɗauki makonni. A yankin Sahel yakan fito ne da damina, daidai lokacin shuka da noma, shi ya sa Dogon na ƙasar Mali suke yi masa laƙabi da cutar da ke barin rumbu wayam. A shekarar 1986 an ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 3.5 a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Ƙidayar da aka yi gida-gida a Nijeriya a 1988 da 1989 ta gano fiye da mutum 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Tun da ƙwarƙwatar ruwa tana da ɗan girma, ƙyalle mai matsattsiyar saƙa ya isa ya tare ta. A kan wannan hujja aka gina yaƙin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta jagoranta tun daga 1986, wanda Janar Yakubu Gowon ya taimaka wajen kai shi ƙauyukan Nijeriya. An raba matatan nailan ga matan gida, an ba makiyaya da matafiya ɗan bututu mai mataci a bakinsa, an hana mai ciwon shiga tafki, an kuma haƙa rijiyoyin burtsatse. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya an same shi a jihar Inugu a shekarar 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da cutar. Ghana ta biyo baya a 2015. A shekarar 2024 mutum 15 kacal aka samu a duniya duka, a Chadi da Sudan ta Kudu.

Kwalara: abin da madubin likita kaɗai ke gani

Mataki na gaba shi ne na bakteriya. Ƙwayar da ke kawo kwalara, wato cutar amai da gudawa, ana kiranta Vibrio cholerae. Siffarta kamar waƙafi take, kuma sai an jera kimanin 500 baki da wutsiya kafin su cika milimita 1. Miliyoyinsu na iya zama a kofi guda ba tare da ruwan ya canza kama ba.

Tun kafin a san wannan ƙwaya aka gane hanyar da take bi. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana 10. A wancan zamani akasarin likitoci sun ɗauka mugun wari ne ke yaɗa ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamata yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, sai ya ga kusan duka sun dogara ne da famfon tuƙa-tuƙa guda da ke titin Broad. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, ba su kamu ba. A gefe guda kuma, wata tsohuwa da ke zaune can nesa a Hamsted ta mutu, da aka bincika sai aka tarar kullum ana kai mata ruwan wannan famfo saboda tana jin daɗin ɗanɗanonsa. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa akwai wata shadda da ke yoyo, ƙasa da mita 1 daga rijiyar, wadda a cikinta aka zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa. Sai bayan shekara 30 ne Bajamushe Robert Koch ya ware ƙwayar a binciken da ya yi a Masar da Kalkata a 1883 da 1884.

Darasin titin Broad shi ne hanyar cuta daga bayan gida take zuwa baki. Giram 1 na bayan gidan mutum na iya ɗaukar bakteriya miliyan 1 da ƙwayoyin bairos miliyan 10. Ruwan sama na farko kan kwashe abin da aka yi a fili ya zuba a rijiyar da ba ta da ginannen baki, masan da aka haƙa kusa da rijiya kan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, fasasshen bututun famfo da ya ratsa kwata kan zuƙo ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke ruwa. Ta waɗannan ƙofofi ne taifot da atini su ma suke shigowa.

Idan ƙwayoyin kwalara suka isa ƙaramin hanji, sai su manne a bangonsa su saki dafi. Dafin kan tilasta wa bangon hanji ya riƙa fitar da gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin. Ta haka babban mutum zai iya zubar da kusan lita 1 a cikin awa guda, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Idanu su faɗa, fata ta yamutse, jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya. Alamomin kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan shan ruwan. Abin lura kuma shi ne yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, amma suna fitar da ita a bayan gidansu har zuwa kwana 10.

Annobar kwalara ta bakwai a tarihi ta taso daga Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970. A shekarar 1991 ta kama kusan mutum 60,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 7,000. A 2021 kuwa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu, 3,604 suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka kamu daga jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suke, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato 'yan makaranta, su abin ya fi shafa.

Rashin ruwa a jiki shi ke kisa, saboda haka mayar da ruwan shi ne magani. Masana sun gano cewa hanji yana tsotse gishiri tare da sukari ta wata ƙofa da dafin kwalara ba ya rufewa, kuma duk inda gishiri ya shiga ruwa na biye da shi. A 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya, ruwan ƙari na asibiti ya ƙare, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wanda ake sayarwa a ƙunshi shi ya fi, amma idan babu, ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsabtataccen ruwa. A riƙa ba mai ciwon yana kurɓa ana kan hanyar asibiti. Kwalara mai tsanani da ba a kula da ita ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, amma da kulawa a kan lokaci waɗanda ke mutuwa ba sa kai 1 cikin 100.

Ko ƙyalle yana da amfani a nan? Yana da shi, amma ba cikakke ba. Ƙwayoyin kwalara suna son manne wa jikin dangin ƙwarƙwatar ruwan nan. Wani bincike da Rita Colwell ta jagoranta a ƙauyukan Bangladash, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zane mai ninki 4 ya rage kamuwa da kwalara da kashi 48 cikin 100. Sauran ƙwayoyin da ke yawo su kaɗai kuwa ratsa saƙar suke yi su wuce. Waɗannan sai tafasawa ko sinadarin kulorin.

Bairos: ƙarami a ƙanana

Ƙwayar bairos ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai an jera fiye da 30,000 na bairos mai kawo ciwon hanta nau'in E kafin su cika milimita 1, don haka ko madubin likita na makaranta ba ya ganinsa. Ciwon hanta nau'in A da nau'in E, masu sa idanu su yi rawaya, da kuma shan inna, duka ta bayan gida suke fita su koma ta baki. Nau'in E ya fi tsanani ga mace mai juna biyu, domin a watanni ukun ƙarshe na ciki yana iya kashe 1 cikin 4 ko 5 na waɗanda ya kwantar. An ga haka a yankin Diffa na Nijar a 2017, lokacin da cutar ta ɓarke tsakanin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, kuma yawancin waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Babu ƙyallen da zai tare bairos, amma zafin tafasa yana lalata shi.

Gubar da ta narke: inda wuta ba ta da tasiri

A ƙarshen jerin akwai sinadaran da ke narkewa cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa. Ba su da rai, saboda haka ba a kashe su. Hasali ma idan aka tafasa ruwa, tururi ne ke fita, gubar ta ƙara taruwa a abin da ya saura.

Fuloraid misali ne. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita 1. A garin Tibiri na Gobir, kusa da Maraɗi, an samar da ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Ruwan garau yake, ba shi da ƙwayoyin cuta, amma fuloraid ɗin da ya tsotso daga ƙarƙashin ƙasa ya ninka iyakar fiye da sau 3. Kafin a gane dalili wajen shekarar 2000, haƙoran dubban yara sun rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu sun lanƙwashe, naƙasar da ba ta da gyara. Irin wannan ya faru a Bangladash, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970 domin gudun kwalara, sai a 1993 aka tabbatar cewa da yawansu na ɗauke da gubar asenik, mai ɓata fata da kawo ciwon daji bayan shekaru. Rijiyar burtsatse alheri ce babba, amma wajibi ne a kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a buɗe ta ga jama'a. Idan an sami guba, mafita ita ce a sauya rijiya ko a sa matata ta musamman.

Daga rijiya zuwa baki

Ruwa na iya fitowa da tsabta daga famfo ya gurɓata a hanya. Gugan da aka yasar a ƙasa, jarkar ɗan garuwa da ta daɗe ba a wanke ba, randar da ba ta da murfi, da moɗar da kowa ke tsomawa har da yatsunsa, kowannensu ƙofa ce. Matakan kariya ga su a jere:

1. A nisanta masai da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance a gangare, rijiya a tudu. A gina bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga.

2. Idan ruwa ya yi laka, a bar shi ya kwanta ko a sa alif ko garin ƙwayar zogale, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan share fage ne kawai.

3. A tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na tsawon minti 1. Idan kulorin za a sa, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a jira minti 30 kafin a sha.

4. Inda itace ya yi tsada, a cika farar gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba da ruwa marar laka, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan akwai gajimare.

5. A adana ruwa a mazubi mai ƙaramin baki ko mai famfo. Idan randa ce, a sami moɗa mai dogon hannu, a ɗiba da ita a zuba a kofi, kada a sha da ita.

6. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, bayan wanke wa yaro, da kuma kafin taɓa abinci.

Aikin gwaji ga aji

Malami ya sa a ɗebo ruwan kududdufi a kwalabe uku. A bar ta farko haka nan, a sa ɗan alif a ta biyu, a sa garin ƙwayar zogale guda a ta uku, a girgiza, a ajiye awa 1. Ɗalibai su rubuta wadda ta fi haske. Sannan a ɗiga ɗigo guda daga wadda ta fi haske a duba ta madubin likita, a kwatanta da ɗigon kwalbar farko. Haka kuma a tace wani ruwan kududdufin da farin ƙyalle, a duba abin da ya maƙale da gilashin ƙara girma. Kada kowa ya ɗanɗana ko ɗaya daga cikin ruwan, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Kammalawa

A ɗakin gwaji, ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko guda ɗaya a cikin mililita 100, domin wannan bakteriya a hanji take zaune, ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan gida ya shiga. A gida kuwa, inda babu kayan gwaji, tambayoyi uku za su tsaya a madadinsu: daga ina ruwan ya fito, me aka yi masa, kuma a cikin me aka ajiye shi? Ɗalibin da ya koma gida ya yi waɗannan tambayoyi a gaban randar mahaifiyarsa ya fara aikin da John Snow ya yi a titin Broad.

Tambayoyi

1. Bayyana zagayen rayuwar kurkunu, sannan ka nuna wurare biyu da za a iya katse shi.

2. Me ya sa ƙyalle ya isa maganin kurkunu, amma rabin aiki kawai yake yi a kan kwalara?

3. Wane amfani sukari yake yi a cikin ruwan gishiri da sukari?

4. Me zai faru da yawan fuloraid a tukunyar ruwa idan aka daɗe ana tafasa ta?

5. Auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai mafi kusa da ita a makarantarku ko unguwarku, ka kwatanta da ƙa'idar da aka bayar.